Uwa ce, malama ce, kuma ta gaji: Abin da na gani a gidan yayata

Mai karatu, bari in fara da tambaya. Yaushe rabonka da ka dubi matar da take fama da yara a gidanku, ka tambaye ta yaya jikinta, kuma ka tsaya ka ji amsar? Ni dai na daɗe ban yi ba, sai da hutun zangon da ya wuce ya kai ni gidan yayata a Kaduna.

Na isa da misalin ƙarfe 11 na safe. Ƙofar falo a buɗe, ga ƙaramin allo jingine da bango, an fara lissafin rabawa an bar shi a rabi. Babban ɗanta mai shekara 10 da ƙanwarsa mai shekara 7 suna kokawa a kan abin fiƙe fensir, autan kuma ya samu alli yana ta zane a jikin kujera. Da suka gan ni suka yo kaina da ihun "Kawu! Kawu!" Ƙauri ne ya ja ni zuwa kicin. Can na same ta zaune a kujerar tsuguno, wake yana ƙonewa a gabanta, ta zuba wa tukunyar ido kamar ba tata ba.

Na ce, "Yaya, girkinki yana kamawa fa."

Ta ce, "Na gani." Ba ta motsa ba. Ni na sauke tukunyar.

Da dare, bayan yara sun kwanta, ta faɗa mini maganar da ta sa nake wannan rubutu. Ta ce ba fushi take yi da 'ya'yanta ba, da ma fushin ne da sauƙi. Ta ce idan suka kira ta "Mama", sai ta ji babu abin da ya motsa a zuciyarta, kuma tana tsoron kada ya zama Allah ne ya juya mata baya.

Yadda falo ya zama aji

Yayata malama ce, takardar NCE gare ta, ta kuma koyar a wata makaranta mai zaman kanta kafin ta yi aure. Lokacin da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, ta zaunar da ɗanta a falo tana koya masa karatu, kuma yaron ya ɗauka fiye da yadda yake yi a aji. Da aka buɗe makarantu ta mayar da shi. Sai ga ranar 5 ga Yuli, 2021, 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandare ta Bethel Baptist da ke ƙaramar hukumar Chikun, suka kwashe ɗalibai sama da 100. Gidan yayata ba shi da nisa sosai da yankin. Ita da mijinta suka yi addu'a, suka yi shawara, suka ce yara za su yi karatu a gida har abubuwa su lafa.

Daga baya wasu dalilan suka ƙaru. Kuɗin makaranta yana ta hawa, bayan cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin kai yara da ɗauko su ma ya zama wani kaya. Ga kuma abin da ya fi mata komai, tana so 'ya'yanta su tashi da Littafi Mai Tsarki a bakinsu da halinsu. A wurinta wannan hidima ce ga Ubangiji.

Ga yadda ranarta take. Tana tashi ƙarfe 4:30 na asuba, ta tari ruwa idan famfo ya kawo, ta dama koko, ta tashi kowa a yi addu'ar safe. Maigida ya fita kafin ƙarfe 7, ba zai dawo ba sai dare. Ƙarfe 8 a fara darasi: lissafi, Turanci, kimiyya, haddar aya, aji biyu daban-daban a falo ɗaya, autan kuma yana rataye da zaninta. Da rana girki da wanki, da yamma bita, da dare duba aikin yara da shirya na gobe, sau da yawa da fitilar caji domin an ɗauke wuta. A tsakiyar mako akwai taron Zumuntar Mata, ran Lahadi kuma ita ce malamar yara a coci. Ka lissafa da kanka, ka gaya mini inda hutu zai shiga.

Gajiyar tana da suna

Hausawa kan ce jiki magayi. Akwai gajiyar da barcin dare ɗaya yake wankewa, akwai kuma wadda mutum zai kwana ya tashi da ita, ta bi shi mako da makonni har ta cinye masa sha'awar abin da yake ƙauna. Ita nake kira gajiya mai cin rai.

Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Herbert Freudenberger, shi ya fito da ita fili a 1974. Ya lura da masu aikin sa kai a wani asibitin kyauta, mutanen da suka fara da ɗoki da tausayi, bayan wani lokaci suka koma kamar itacen da wuta ta ci ta cinye. Sunan da ya ba abin a Turance ma hoton da yake ɗauke da shi ke nan. Bayansa Christina Maslach ta tsara ma'aunin gane ta a 1981, da alamomi uku: ƙarewar ƙarfi, sanyin zuciya ga mutanen da kake yi wa aiki, da jin cewa ba ka tsinana komai. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin kundinta a matsayin matsalar da wurin aiki yake haifarwa, amma ba ta kira ta cuta ba.

To uwa fa, wadda gidanta ne wurin aikinta? Wasu malaman jami'a biyu a Beljiyam, Isabelle Roskam da Moïra Mikolajczak, sun shafe shekaru suna nazarin irin wannan gajiya a tsakanin iyaye. Alamomin da suka bayyana kamar a kicin ɗin yayata suka tsaya suka rubuta: galabaita, jin an ƙoshi da reno har wuya, nisantar yara a zuci ko da ana yi musu wanka ana ba su abinci, da jin cewa ba ni ce uwar da na sani a da ba. Bayaninsu mai sauƙi ne. Abin yana faruwa ne idan nauyin da ke kan mutum ya daɗe yana rinjayar taimakon da yake samu.

A wani binciken da suka jagoranta, wanda aka wallafa a 2021, an tambayi iyaye sama da 17,000 a ƙasashe 42. An gano cewa matsalar ta fi yawa a ƙasashen Yamma, inda al'adar kowa tasa ta fisshe shi ta yi ƙarfi. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Daga ina tsarin ya zo?

Karatun gida irin wanda yayata take yi, da manhaja da jadawali da jarrabawar mako, asalinsa Amurka ne. A shekarun 1970 wani tsohon malami, John Holt, ya fara kira ga iyaye su cire yaransu daga makaranta. A ɓangaren Kiristoci kuma Raymond Moore da matarsa Dorothy ne suka yi fice wajen yaɗa shi. A 1983 aka kafa ƙungiyar lauyoyi ta HSLDA domin kare iyaye masu wannan tsari, kuma zuwa 1993 ya zama halal a duk jihohi 50 na ƙasar. Da korona ta zo, hukumar ƙidayar Amurka ta ce gidajen da ke koyar da yara a gida sun tashi daga kashi 5.4 cikin 100 zuwa kashi 11.1 a cikin shekarar 2020 kawai.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, gajiyar ta taso ne tare da tsarin. Su kansu Moore da matarsa sun rubuta littafi sukutum a kanta tun 1988, suna gargaɗin iyaye mata kada su kwaso makaranta ɗungurungum su dasa a falo. Wata masaniyar zamantakewa, Jennifer Lois, ta bi irin waɗannan mata tsawon shekaru tana hira da su. Ta ga cewa waɗanda suka fi jigata su ne masu son komai ya tafi daidai da jadawalin makaranta, ga aikin gida yana jiransu babu mai kama musu. Waɗanda suka farfaɗo kuwa, yawanci sun sassauta tsarin ne, ko kuma mazajensu sun sa hannu da gaske.

Yanzu dubi yadda abin ya iso mana. Yayata tana kallon bidiyon matan Amurka a YouTube da Instagram: ɗaki na musamman domin karatu, littattafai jere a kanta, yara tsaf-tsaf suna murmushi. Ba ta ganin injin wanki da ke bayan kyamara, ba ta ganin ɗakin karatun gwamnati da ke unguwarsu, ba ta ganin ƙungiyar iyaye da ke haɗuwa su raba darussa. Manhajojin da ake yabawa irin su Abeka da ACE da dala ake sayensu. Ta ɗauko mizanin wata ƙasa tana auna kanta da shi, alhali ko wutar lantarki ba ta da tabbas.

A nan binciken ƙasashe 42 ya dawo. Abin da yake kare iyayenmu mata a da shi ne gidan yawa: kaka tana nan, goggo tana nan, maƙwabciya ta goya miki yaro ki je kasuwa. Ɗa na kowa ne. Yayata kuwa tana zaune a gidan haya mai katanga da get, mahaifiyarmu tana can garinmu. Ta ɗauki aikin makaranta guda ta ɗora a kan aikin gida, a daidai lokacin da ta rabu da hannayen da suke tallafa wa uwa.

Abin da ya fi yi mata ciwo

Malamar makaranta tana jin ƙararrawar tashi, ta ɗauki jakarta ta tafi gida. Ana biyanta, tana da hutun zango, tana da abokan aiki da za ta yi wa ƙorafi. Uwa mai koyarwa a gida ba ta da ko ɗaya. Ɗalibin da ya ɓata mata rai da safe shi ne ɗan da za ta yi wa wanka da dare.

Sannan ga idon jama'a. Tun ranar da ta cire yara daga makaranta dangi suke jira su gani. Duk baƙon da ya zo sai ya yi wa yaran jarrabawa a tsaye: bakwai sau takwas nawa ne? Idan yaro ya yi shiru, ita ce ta faɗi. Don haka ba ta isa ta ce ta gaji ba, domin ta san amsar da ke jiranta: wa ya aike ki? Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Na uku shi ne mafi nauyi, wato na bangaskiya. Tunda ta ɗauki aikin a matsayin kira daga Allah, sai ta fassara gajiyarta a matsayin zunubi. Idan ta daka wa yaro tsawa, ta shiga ɗaki ta yi kuka ta roƙi gafara, gobe kuma a sake. Da ta ɗan buɗe baki ga wata a coci, aka ce mata ta ƙara addu'a da azumi. Ta kuwa ƙara, ta rage barcin da dama bai ishe ta ba. Mace mai barcin awa huɗu, aka ba ta maganin da zai mayar da shi uku.

Abin da Littafin nata ya ce

Ni ba fasto ba ne, ɗalibin aikin jarida ne. Amma a wannan hutun wata dattijuwa daga Zumuntar Mata, wadda duk unguwar ke kira Mama, ta zo gidan ta zauna da yayata, ni kuma ina gefe ina jin su. Ba ta yi mata wa'azi ba. Labarai uku ta tuna mata, waɗanda yayata da kanta take koya wa yara ran Lahadi.

Na farko annabi Iliya, a 1 Sarakuna sura 19. Bayan babbar nasararsa a Dutsen Karmel ya gudu jeji, ya zauna a gindin wani itace ya roƙi mutuwa. Mala'ikan da aka aiko masa bai tsawata masa ba. Abinci da ruwa ya ba shi, ya bar shi ya yi barci, ya sake tashinsa ya ci. Sai bayan haka aka yi magana da shi, aka sanar da shi cewa ba shi kaɗai ya rage ba, aka kuma nuna masa Elisha wanda zai kama masa.

Na biyu Musa, a Fitowa sura 18, yana zaune yana yi wa jama'a shari'a tun safe har yamma. Surukinsa Yetro ya dube shi ya ce wannan hanya za ta gajiyar da shi, ta gajiyar da mutanen ma, ya raba aikin ga shugabannin dubu-dubu, ɗari-ɗari, hamsin-hamsin da goma-goma. Musa bai ce ai ni aka kira ba. Ya ji shawara.

Na uku ya ba yayata dariya, karo na farko da na ji dariyarta a wannan hutun. Mama ta ce mata ta sake karanta Karin Magana sura 31, labarin macen kirki da ake yawan auna matan coci da ita, ta duba da kyau. Matar nan tana da barori mata da take raba wa aiki. Mama ta ce, "'Yata, ke ina naki?"

Abin da aka canza

Ba a rana ɗaya aka warware ba, kuma ba zan ce maka yau komai ya koma daidai ba. Amma ga abin da aka yi, ko zai amfani wata.

An fara da asibiti. Rashin jini, zazzaɓin cizon sauro da bai fita ba, hawan jini, duk suna iya zuwa da kamannin gajiya, don haka a gwada a sani. Haka kuma akwai bambanci tsakanin gajiya mai cin rai da ciwon damuwa. Mai gajiyar reno takan ɗan dawo hayyacinta idan ta yi nisa da aikin. Idan kuwa baƙin cikin ya mamaye komai har mako biyu ko fiye, ba ci, ba barci, ko tunanin cutar da kai ko yara ya fara zuwa, wannan maganar likita ce, kuma a ranar za a tafi.

Sai aka zauna da maigida. Mutumin kirki ne, amma a tunaninsa tunda yana kawo kuɗin littattafai ya sauke nasa. Bai taɓa yini da yaran shi kaɗai ba. Wata Asabar yayata ta tafi gidan ƙawarta tun safe, ta bar masa su da jadawalin. Da ta dawo da yamma ba a yi doguwar muhawara ba, gani ya kori ji. Yanzu lissafin babban yana hannunsa, da dare sau biyu a mako da kuma safiyar Asabar.

An rage jadawali. Darasi ya koma awa uku da safe, kwana huɗu a mako, karatu da rubutu da lissafi su ne a gaba. Yaro ɗaya ko biyu a gaban malama ba sa buƙatar awannin da aji mai yara 40 yake ci. Rana ta biyar ta zama ta zuwa kasuwa tare, inda 'yar shekara 7 take lissafa canji, ko ta shuka alayyafo a bayan gida.

An nemi hannu. Akwai wata mata a cocinsu da ita ma take koyar da nata a gida, kowace tana ɓoye wa 'yar uwarta wahalarta. Yanzu ran Talata yaran duka suna gidan waccan, ran Alhamis suna gidan yayata. Kowace ta samu yini guda nata. Ta kuma ajiye koyarwar Lahadi na wata shida, kuma cocin bai rushe ba.

Na ƙarshe shi ne ya fi wuya. Sun amince cewa mayar da yaro makaranta ba faɗuwa ba ce. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa iyaye a Najeriya alhakin ganin yaro ya yi firamare da ƙaramar sakandare, ga kuma jarrabawar shiga sakandare tana tafe wa babban. Sun yanke cewa zai koma aji a zango mai zuwa, a wata makaranta da ke cikin gari, ƙananan biyu su ci gaba a gida, kuma duk ƙarshen shekara za a sake zama a duba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Namu aikin

Wataƙila kana cewa, ni saurayi ne, ko ni budurwa ce, ina ruwana da wannan? Ruwanka ne. Mu ne ƙannen waɗannan mata, mu ne muke zuwa hutu mu miƙe ƙafa a falonsu muna latsa waya, a kawo mana abinci mu ci mu ajiye kwano. Ni ma haka nake yi, har ranar da na sauke tukunyar waken nan.

A sauran makonni uku na hutuna na karɓi darasin karatu. Kullum bayan cin abincin rana nakan kwashe su ukun mu zauna a baranda, mu karanta labari, su ba ni nasu, ita kuma ta rufe ƙofa ta yi barcin awa ɗaya. Awa ɗaya tak. Ban kashe ko naira ba. A mako na biyu na ji ta tana rera waƙar coci tana wanke-wanke, abin da babban ɗanta ya ce ya daɗe bai ji ba.

Kuma kada ka ɗauka sai mai makaranta a falo abin yake kamawa. Ko gidanku na Kirista ne ko na Musulmi, akwai wata mata a ciki da take tashi kafin kowa, ta kwanta bayan kowa, kuma idan ka gaishe ta za ta ce maka lafiya lau. Labarin zuciya a tambayi fuska.

Ke kuma Yaya, ko Anti, ko Mama, da kike karanta wannan da yaro a cinya da jan biro a hannu: gajiyarki ba ta nuna ƙarancin bangaskiyarki ba, ba ta kuma nuna ba kya son 'ya'yanki. Kaya ne ya yi miki yawa. Ki faɗa wa mutum ɗaya a wannan makon, maigida ne, ƙawa ce, ko wata dattijuwa da kika yarda da ita, kuma ki faɗi takamaiman abin da kike so a karɓar miki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ran da zan koma makaranta, yayata ta rako ni bakin get ta cusa mini ƙullin gyaɗa a jaka. Na ce, "Yaya, yaya jikin?" Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Da sauƙi, amma da saura." Na fi yarda da wannan amsar a kan duk "lafiya lau" ɗin da ta yi shekaru tana ba ni.